Waiwaye: yadda aka kulle jadawalan direbobi a kanel ɗin Linux

Idan ɗalibin lantarki a Maradi ya soka allon Arduino ɗan Sin a kwamfuta mai Linux, allon yakan gabatar da kansa da lambobi biyu: 1a86 ta kamfani, 7523 ta guntun CH340. Kanel, wato zuciyar manhajar da ke riƙe da injin, zai sanar da su, udev, shirin da ke lura da na'urorin da aka soka, ya duba fayil ɗin modules.alias, ya loda direban ch341, wato guntun manhajar da ke sarrafa na'urar, saboda lambobin nan suna cikin jadawalin da direban ya rubuta na na'urorin da ya sani. Haka abin yake ga katin intanet na Realtek mai lamba 10ec da 8168, haka ga modem ɗin Huawei mai 12d1. Wayoyin Tecno da Itel da suka cika shagunan masu gyara a babbar kasuwa ma, kanel ɗin nan ne a ƙarƙashin Android ɗinsu.

Jadawalan direba iri biyu ne manya. Akwai na shaida, irin pci_device_id da usb_device_id da of_device_id, jerin lambobi ko sunaye da ake rufewa da layin sifili domin kanel ya san ƙarshensa. Sai na ayyuka, irin file_operations, wanda kusan babu komai a cikinsa sai manunai, wato adireshin ayyuka a memori: idan an ce buɗe, je adireshi kaza, idan an ce karanta, je adireshi kaza. Dukansu ana rubuta su ne sau ɗaya lokacin haɗa manhaja, ba su da dalilin canzawa. Amma shekara da shekaru suna zaune a sashen .data, inda kowane layin kanel ke iya rubutu. Kamar jadawalin kuɗin mota ne a tasha da aka rubuta da alli: kowa ya san ba a taɓawa, amma mai tsumma a hannu zai iya.

Kalmar const, alamar cewa abu ba ya canzawa, tana cikin harshen C tun ƙa'idar 1989, kafin Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991. Sai dai ita kaɗai ba kariya ba ce. Sai abu uku sun haɗu. Kwamfaila, shirin da ke fassara C zuwa harshen injin, ya ga const ya tura jadawalin sashen .rodata na karatu kawai, ya kuma ƙi duk layin da ya rubuta a kansa kai tsaye. Linka, shirin da ke haɗe guntayen da aka fassara, ya tara duk .rodata wuri guda, ya daidaita iyakarsa da shafukan memori, waɗanda a x86 kowanne bayit 4096 ne. Na uku, kanel ya cire izinin rubutu daga shafukan a jadawalin shafuka, furosesa kuma ya mutunta hakan. A x86 wannan ya dogara da bit na 16 a rajistar CR0, wanda ake kira WP. Idan a kashe yake, kanel zai rubuta a kan shafin karatu ba tare da wani ƙorafi ba. Tsohon furosesa 386 ma ba shi da wannan bit ɗin, sai daga 486.

Na ukun nan ne ya daɗe babu shi. Sai a sigar kanel ta 2.6.16, cikin 2006, Arjan van de Ven ya shigar da CONFIG_DEBUG_RODATA domin x86, kuma a matsayin kayan farautar kurakurai aka ɗauke shi, wanda ya so ya kunna. Shi ne kuma ya bi jadawalan file_operations ya maƙala musu const, na tsarin fayil a 2.6.17, sauran da yawa a 2.6.21 cikin 2007. Hujjarsa a lokacin ba ta ɓarayin intanet ba ce. Ta farko sauri: furosesa yana ɗaukar memori a layuka na bayit 64, idan jadawalin da kowa ke karantawa ya zauna a layi ɗaya da bayanin da ake yawan canzawa, duk rubutu ɗaya sai sauran furosesoci su zubar da nasu kwafin su sake ɗaukowa. Ta biyu, a kama rubutun kuskure tun wajen haɗawa. Ɓangaren sadarwa ya bi sahu a 2.6.29, inda Stephen Hemminger ya kwashe manunan ayyuka daga cikin net_device, da kowane kati ke riƙe da nasa, ya zuba su a net_device_ops guda da za a iya kullewa.

Masu kutse ne suka mai da maganar ta tsaro. Wanda ya sami ɓarakar da za ta ba shi rubutu guda a ko'ina cikin kanel, abin da yake nema shi ne manunin aiki a adireshin da aka sani. Ya goge shi, ya sa adireshin nasa shirin, ya kira aikin ta hanyar da kowa ke kira, shi ke nan kanel ya gudanar masa da cikakken iko. A watan Oktoba 2010 Dan Rosenberg ya nuna haka da ɓarakar tsarin sadarwa na RDS, mai lambar rajista CVE-2010-3904, ta hanyar goge manuni a jadawalin rds_proto_ops. A lokacin modul, wato direban da ake lodawa daga baya, ba shi da kariyar shafi ko kaɗan. Ko an rubuta const, shafinsa a buɗe yake. Sai a 2.6.38, cikin 2011, x86 ya sami DEBUG_SET_MODULE_RONX. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, domin a Debian ko Ubuntu yawancin direbobi modul ne.

Masu gyaran waya da suka yi zamanin manhajojin da ke ba da cikakken iko a kan waya da dannawa ɗaya sun ci moriyar wannan rauni ko da ba su sani ba. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi kai wa hari a Android shi ne ptmx_fops, jadawalin ayyuka na /dev/ptmx. A kan yi amfani da ɓaraka irin CVE-2013-6282, inda get_user da put_user ba sa tantance adireshi a wasu furosesocin ARM, a rubuta a gurbin fsync na jadawalin, a buɗe /dev/ptmx, a kira fsync. Abin lura shi ne ptmx_fops bai kasance a buɗe don sakaci ba. Lokacin tashi ake cika shi: a kwafo ayyukan tty na asali, a canza na buɗewa. Da an sa masa const da kanel ɗin bai haɗu ba ma.

Irin waɗannan jadawalai ne suka haifi __ro_after_init. Dabarar ta fito daga facin PaX da grsecurity, wato gyare-gyaren tsaro da ake ɗora wa kanel daga waje, waɗanda suka daɗe da tasu hanyar, har da wani ƙari ga kwamfailan GCC na Emese Revfy da ke kulle duk tsarin da ba komai cikinsa sai manunan ayyuka. Kees Cook ya kafa shirin kare kanel da kansa, KSPP, a Nuwamba 2015, kuma a 4.6, cikin 2016, alamar ta shiga. Abin da aka yi wa ita ana iya rubuta shi yayin tashi. Da zarar kanel ya kira mark_rodata_ro, gab da ya miƙa ragama ga shirin farko, sai ya kulle tare da .rodata. A sigar nan ce kariyar ta zama dole a x86, aka bar rodata=off a layin tashi don mai bincike. Daga baya aka yi wa ptmx_fops alamar. A 4.11 Laura Abbott ta sauya sunayen zuwa STRICT_KERNEL_RWX da STRICT_MODULE_RWX, a 5.3 kuma aka ɗaure bit ɗin WP ta yadda aikin kanel na rubuta CR0 ba zai bar shi a kashe ba.

Jadawalan shaida sun bi wata karkatacciyar hanya. An so a riƙa zubar da su bayan tashi don tsimin memori, aka ƙirƙiro alamomi irin __devinitdata da __devinitconst, da DEFINE_PCI_DEVICE_TABLE. Amma na'urar da za a iya sokawa kowane lokaci tana buƙatar jadawalinta har kullum, don haka aka share dangin __devinit a 3.8, aka koma rubuta static const struct pci_device_id a fili. Tarkon da ya rage daga wancan zamani: abin da yake const, __initconst ake sa masa, ba __initdata ba, in ba haka ba GCC ya tsaya da kukan rikicin nau'in sashe. Kuma jadawalin da direba ya yi rajista da shi bai kamata ya ɗauki ko ɗaya daga ciki ba, domin memorin init ana sakinsa, manunin ya rage yana nuna kango.

Sauran aikin na haƙuri ne, faci bayan faci. Julia Lawall ta Inria a Faransa da manhajarta Coccinelle sun sauƙaƙa shi: a rubuta ƙa'ida ta nemo duk tsarin da ba a taɓa rubuta masa ba, wanda kuma ba a miƙa shi sai ga aikin da ya karɓi const. Da wannan manhaja Bhumika Goyal da wasu suka kulle ɗaruruwan jadawalai a 2016 da 2017. An kuma ajiye jerin sunaye a scripts/const_structs.checkpatch, domin checkpatch, shirin da ke duba faci, ya tsawata wa sabon direban da ya manta.

To me ya sa har yanzu ba a gama ba? Domin ba daga direba ake farawa ba. Idan aikin rajista na tsakiya yana karɓar manuni marar const, direban da ya kulle jadawalinsa zai sami gargaɗin kwamfaila cewa an zubar da alamar const. Dole a fara gyara tsakiya: a tabbatar ba ya rubutu a tsarin, a kwashe abin da ke canzawa zuwa wani wuri, a sauya sa hannun ayyuka, wato bayanin irin abin da kowane aiki ke karɓa, sannan a bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Haka Greg Kroah-Hartman ya yi da bus_type da class a 2023 kafin a iya kulle su. Jadawalan sysctl, na saitunan kanel, sai da Thomas Weißschuh ya gyara sa hannun ayyukansu a 6.11, sannan Joel Granados ya kulle su da yawa a 6.14, cikin 2025. Wasu kuma ba za su kullu ba: pci_driver yana ɗauke da jerin gwano da makulli da kanel ke taɓawa, don haka a buɗe zai zauna, jadawalin shaidar da yake nunawa ne kawai ke kulle.

Ga mai son gwadawa da direba guda, a fara da grep a kan sunan jadawalin, a karanta kowane wurin da ya bayyana, har da waɗanda ke ƙarƙashin #ifdef, domin kwamfaila ba ya ganin reshen da ba a kunna ba. Nan ne faci da yawa ke karya ARM alhali sun haɗu lafiya a x86. A sa const, a haɗa fayil ɗin, a kwatanta sakamakon umarnin size kafin da bayan: adadin data ya ragu, na text ya ƙaru da kusan daidai wannan. A injin bit 64 kowane layin pci_device_id bayit 40 ne tun da aka ƙara override_only, don haka jadawali mai na'ura 9 da layin rufewa zai matsar da bayit 400. Sai umarnin nm: harafin da ke gefen sunan jadawalin ya tashi daga d ya koma r. A kan injin da ke gudana, dmesg na x86 yana buga layin da ya fara da "Write protecting the kernel read-only data", kuma gwajin WRITE_RO na LKDTM, modul ɗin gwada faɗuwar kanel, yana yin rubutun da gangan don a ga ko kanel zai tsaya. Ba a yin wannan gwajin a kwamfutar aiki.

Inda abin ke ɓaci shi ne inda aka rufe wa kwamfaila ido. Gurbin driver_data lamba ce kawai, duk manunin da aka cusa ciki ya rasa alamarsa, mai fito da shi kuma yana iya kiransa abin da ya ga dama. container_of ma, mai gano tsari daga manunin wani gurbinsa, yana zubar da const shiru, shi ya sa aka kawo container_of_const a 6.2. Idan aka bi ta irin waɗannan aka yi rubutu, haɗawa za ta wuce lami lafiya, sai ranar da na'urar ta shiga kanel ya faɗi da error_code(0x0003), wato shafin yana nan, rubutu ne aka hana. Mai na'urar da ba kowa ke da ita ba ne zai fara gani, wataƙila bayan watanni. Akwai kuma rabin kulle: const char *sunaye[] ya kare haruffan ne kawai, jerin manunan yana .data, sai an rubuta const char * const.

Direban da ke gyara jadawalin ayyukansa lokacin da ya gano na'ura, misali ya goge wani aiki saboda wannan samfurin ba ya iyawa, yana da cuta tun kafin maganar tsaro: jadawalin na kowa ne, kati na biyu zai canza wa na farko hali. Magani biyu ake yi. Ko a kwafi jadawalin da devm_kmemdup kowace na'ura ta sami nata, ko a rubuta jadawalai biyu masu const a zaɓi ɗaya. Na biyun ya fi a ganinmu, duk da maimaicin layuka, domin kwafin yana komawa memorin da ake iya rubutawa, an gyara cutar amma an bar manunan a fili.

Waɗanda suka yi fama da modem ɗin USB a Linux za su tuna modprobe usbserial tare da vendor= da product=. Wannan dabara tana aiki ne saboda jadawalin generic_device_ids an bar shi a buɗe da gangan, ana zuba lambobin a ciki lokacin lodi. Hanyar da ba ta taɓa jadawali ita ce new_id: a rubuta lambar kamfani da ta na'ura a /sys/bus/usb-serial/drivers/option1/new_id, kanel ya ajiye su a wani jeri dabam mai makulli, ya duba shi tare da jadawalin asali. Jerin yana ɓacewa idan aka sauke modul ko aka kashe injin, don haka mai son ya dawwama sai ya sa shi a ƙa'idar udev, ko ya aika facin layi guda a ƙara lambar a jadawalin direban option.