Waiwaye: Yadda iyaye kurame suka tsinci kansu tsakanin maganar hannu iri biyu

Tun da wa'adin shekara biyar da dokar masu buƙata ta musamman ta Najeriya ta bayar don a gyara wuraren hulɗar jama'a ya cika a Janairun 2024, batun tafintan kurame bai kwanta ba. Duk ƙarshen watan Satumba, idan makon kurame ya zagayo, sai a sake tambaya: ina tafinta a ɗakin awon ciki, ina tafinta a kotu ranar shari'ar riƙon yara, ina tafinta a taron iyaye da malamai? Wasu na ɗaukar abin kamar buƙata ce da ta tsiro jiya. Ni kuwa ina ganin ciwon ya daɗe, kuma ko gobe aka zuba tafintoci a kowane asibiti, akwai iyaye mata da yawa da ba za su gane abin da hannun tafintan yake faɗa ba.

Abin da aka fi sani ba ya buƙatar dogon bayani. A 1880 wani taron malamai a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa a daina koyar da kurame da hannu, a tilasta musu karanta leɓe, kuma wannan ra'ayi ya yi kusan ƙarni yana mulkin makarantu. Daga baya Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960, ya dawo wa yara da 'yancin magana da hannuwansu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa a 2006, Najeriya ta tabbatar da ita a 2010, aka sa hannu kan dokarmu ta gida a Janairun 2019, aka kafa hukumar kula da ita a 2020.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekarun 1976 da 1977.

Kafin wannan lokaci kurame a ƙasar Hausa ba su rasa harshe ba. Suna da maganar hannu, wadda ba a aji aka ƙirƙiro ta ba. A kasuwa ta girma, da tsakar gida, da majalisar mai shayi, kuma manyan kurame ne ke miƙa ta ga ƙanana. Da yake ta ɗebi abubuwa da yawa daga nunin da Bahaushe mai ji yake yi da hannu a zancensa na kullum, sai ya zamana mahauci da tela da maƙwabciya duk suna iya taɓa kaɗan. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai, kamar yadda ake da Sarkin Makafi. Ban ce zamanin babu raini ba. Akwai, har da tsokanar yara a hanya. Amma mace kurma idan naƙuda ta kama ta, ungozomar unguwa da ta san ta tun tana yarinya tana iya ce mata ta yi nishi, ita ma tana iya nuna inda ke mata ciwo a gane.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. A 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya keɓe sashe ga masu buƙata ta musamman, aka buɗe kwalejin horar da malamansu a Oyo, a shekarar kuma makarantar kurame ta Tudun Maliki ta fara aiki a Kano. Alheri ne babba. Yaran da da sai kiwo ko bara suka riƙe alƙalami, kuma yawancin masu fafutukar kurame na yau 'ya'yan waɗannan makarantu ne. Sai dai harshen da ya shiga aji shi ne wanda yake da littafi da malamai a lokacin, wato maganar hannu mai tushe daga Amurka, wadda ake harhaɗa haruffan boko da yatsun hannu ɗaya, ana bin kalmomin Turanci. Ta gida ba wanda ya taɓa rubuta ta. Mu masu ji ba mu ma ɗauke ta harshe ba, nuni kawai muke kiranta, kuma a nan nake ganin asalin matsalar take. Sai a 2000 ne wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, wadda ta zauna da kurame a Kano, ta wallafa cikakken nazarin da ya nuna tana da nahawunta da ƙa'idojinta.

To, dubi abin da ya biyo baya a cikin gida. Yarinya ta tafi makaranta, sau da yawa ta kwana, ta dawo hutu da alamun da uwarta ba ta taɓa gani ba. Tana harhaɗa sunanta da yatsu, uwar tana kallo tana murmushi, ba ta san me aka ce ba. Ba a kira iyaye an koya musu ba, su ma ba su nema ba. Ita kuma 'yar'uwarta ta ƙauye da ba ta samu gurbi ba, domin makarantun kaɗan ne kuma a birane suke, ta ci gaba da ta gida. Kurame suka rabu biyu. A biranen da ake haɗuwa wasu sun iya duka, suna cakuɗa su, amma tafintan da ya fito daga kwaleji yawanci ta makaranta ya koya, kuma ta Turanci yake bi. A Jamhuriyar Nijar ma ta makaranta daga wancan tushe ta fito, sai dai Faransanci take jingina da shi.

Sai ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, galibi a Arewa, ta kashe sama da 11,000. Daga cikin yaran da suka tsira akwai waɗanda ciwon ya tafi da jinsu. Yau suna tsakanin shekara talatin da arba'in, su ne masu aure da goyo. Wasu sun ga aji, da yawa ba su gani ba.

Mafi yawan 'ya'yan kurame suna ji, shi ya sa nauyin yake faɗawa kansu. Wanda ya saba zuwa asibiti ya san wannan hoto: mace da tsohon ciki a kan benci, riƙe da kati, ana ta kiran suna da baki har layi ya wuce ta. Kusa da ita 'yarta ce mai shekara takwas. Idan an shiga, ma'aikaciya ta ce, "Yarinya, tambayi mamanki yaushe ta ga jini na ƙarshe." Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta juya ta ce, "Umma ta ce lafiya lau." Kunya ta haɗiye tambayar, kuma a kan wannan amsa za a rubuta magani. Ga kuma abin da ake yi da sunan taimako: kaka ko gwaggo ta ɗauke jariri tun kafin yaye, wai uwar ba za ta ji kukansa ba, alhali mata kurame sun daɗe suna kwana da hannu a jikin jariri, motsinsa kaɗan ya tashe su. Sashe na 23 na yarjejeniyar 2006 ya ce ba a raba yaro da iyayensa saboda naƙasar ɗayansu. Sai dai irin wannan rabuwa ba ta kaiwa gaban alƙali, a zaure ake yanke ta, uwar na zaune ba a tambaye ta ba.

Dokar 2019 ta wajabta wa asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman ga mai larurar ji ko magana. Yuganda ta ambaci harshen kurame a tsarin mulkinta tun 1995, Afirka ta Kudu ta mai da nata harshen hukuma na 12 a 2023, kuma muna da haƙƙin neman irin wannan. Amma idan za mu nema, mu faɗi wace maganar hannu. Mutanen da suka fi cancantar tsayawa a tsakani suna nan tare da mu: kuramen da suka tashi da ta gida suka kuma yi makaranta, da 'ya'yan kurame da suka girma suna fassara kyauta tun ba su kai ba. Su ya kamata a horar, a ba su takardar shaida da albashi, a ajiye su a ɗakin awo da kotu, a kuma tura su su koya wa ungozomomi da iyayen da aka haifa wa kurma tun yaron bai isa shiga makaranta ba.