Hawan Jini Tsakanin Masu Talla da Masu Sana'ar Bakin Titi

Hawan jini cuta ce da ƙarfin gudanar jini a cikin jijiyoyi yake zarce kima na tsawon lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar awon 140/90 ko sama da haka, idan ya maimaitu a ranaku biyu daban-daban, a matsayin shaidar kamuwa. Rahotonta na 2023 ya nuna cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke fama da cutar, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba, domin takan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba.

Masu talla da masu kasa kaya a bakin titi, irin su mai shayi, mai tsire, mai ƙosai da mai yawo da ruwan leda a cunkoson motoci, suna cikin masu sana'ar da ba ta da rajista. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa irin waɗannan sana'o'i sun haura kashi 85 cikin 100 na ayyukan yi a Afirka. Sana'ar da kanta ba ita ke jawo cutar ba. Shekaru, gado da ƙiba suna tasiri a kansu kamar kowa, sai dai yanayin aikin yana tara wasu dalilai a kan mutum guda.

Na farkonsu abinci ne. Wanda ya wuni a titi abin da ya samu kusa yake ci, galibi soyayye ko dafaffe da gishiri da dunƙule mai yawa, wani lokaci har da kanwa, wadda ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyam, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana. Sai fargabar rashin ciniki, da zubin adashe, da korar da jami'an tsaftace hanya ke yi musu, da ƙarancin barci ga masu fita kafin asuba. Goro, taba da lemon ƙara kuzari suna ɗaga jini, haka kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ko wurin masu tallar magani don kashe gajiya. Hayaƙin motoci da ƙararsu ma an danganta su da cutar.

Babbar matsalar ita ce ta gano cutar da riƙon magani. Ranar zuwa asibiti rana ce da babu ciniki, don haka da yawa ba sa awo sai cutar ta kai ga shanyewar ɓarin jiki, ciwon zuciya ko lalacewar ƙoda. Wanda aka ɗora a kan magani, kamar amlodipine, yakan daina sha da zarar ya ji dama-dama ko kuɗi ya yanke, alhali magani ne na kullum. A Najeriya wata doka da aka kafa a 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma yawancin masu wannan sana'a daga aljihunsu suke biya har yanzu. Shi ya sa masana lafiya ke ganin kai na'urar awo cikin kasuwanni da tashoshin mota, musamman ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ya fi jiran mai talla ya bar kayansa ya je layin asibiti.