Mawaƙi da 'yan amshi: ina doka ta ja musu layi?

A ƙauyukan Kano da Jigawa, in kaka ta yi aka kai amfanin gona gida, dandali kan cika da kiɗan kalangu. Ba a daɗewa waƙa ke karkata kan tsadar taki da hanyar da aka yi wa alkawari ba a gyara ba, jama'a na amshi. Sai ka ji wani dattijo na cewa: "Ku bi a hankali, kada a kwashe ku."

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, na 40 kuma ya ba da 'yancin taruwa cikin lumana. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ce ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba kafin a yi taro. Sanar da mai gari ko DPO ladabi ne da neman tsaro. Sai dai sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci don zaman lafiya da kare haƙƙin wasu, kuma ta wannan ƙofa ake kama mawaƙa.

Babban tarkon shi ne ɓata suna, wanda sashe na 391 da 392 na dokar Penal Code suka yi magana a kai, hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 2. In mawaƙi ya ce shugaban ƙaramar hukuma ya kasa gina rijiya, ra'ayi ne kan aikin mai riƙe da muƙami, doka ta ba shi kariya muddin da kyakkyawar niyya ya faɗa. In ya ce ya sace kuɗin rijiyar, to ya shirya kawo hujja gaban alƙali, ya kuma nuna faɗin yana da amfani ga jama'a. Habaici ma ba mafaka ba ne: in duk garin ya gane da wa ake, rashin kama suna ba zai cece shi ba. Baitin da ke zuga matasa su far wa wani kuwa, wannan laifin tada husuma ne, babu ruwan doka da daɗin muryarka.

Ni a ganina, wayar da ke ɗaukar waƙar ta fi dandalin hatsari. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, da aka kafa a 2001, wadda ke buƙatar a kai mata waƙa kafin a sake ta. Zargin ƙin yin haka ne ya sa aka kama Aminu Ala a 2009 da Naziru Sarkin Waƙa a 2019, ko da yake mutane da yawa sun ce siyasa ce tsagwaronta. Ikon hukumar bai kai Jigawa ba, amma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tarayya ce. Bayan gyaran 2024, sashe na 24(1) ya tsaya kan batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tada fitina ko barazana ga rai. Yaron da ya tura waƙar a WhatsApp ko TikTok, shi ma mai yaɗawa ne a idon doka, ko da bai tsara baiti ɗaya ba.