Karatun Muhalli a Jami'o'in Najeriya: Tarukan Ilimi da Guraben Aiki

Karatun muhalli fanni ne da ke nazarin ƙasa, ruwa, iska, tsirrai da dabbobin da ɗan'adam ke rayuwa a cikinsu, da hanyoyin rage ɓarnar da ayyukansa ke jawo musu. A jami'o'in Najeriya ana koyar da shi a sassa daban-daban, kamar kula da muhalli, labarin ƙasa, gandun daji da namun dawa, kimiyyar ƙasar noma, da lafiyar muhalli. A jami'o'i da dama, tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli ta haɗa har da zanen gine-gine, tsara birane da aikin safiyo, don haka sunan tsangaya kaɗai ba ya nuna abin da ɗalibi ya karanta. Mafi yawan guraben aikin da ɗaliban fannin ke nema a yau dokoki ne suka samar da su, kuma galibin dokokin sun biyo bayan wata masifa ce da ta afka wa jama'a.

Tarihi

A matakin duniya ana danganta farkon al'amarin da taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Stockholm a 1972, wanda a sanadinsa aka kafa hukumar muhalli ta Majalisar, UNEP, mai hedikwata a Nairobi. A 1977 aka yi wani taron a Tbilisi wanda ya tsara manufofin koyar da ilimin muhalli a makarantu.

A arewacin Najeriya binciken ya girmi sunan fannin. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga farkon shekarun 1960, daga baya kuma ya koma Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Ya nuna cewa duk da cunkoson jama'a, manoman yankin sun riƙe albarkar gonakinsu ta hanyar zuba taki, haɗa noma da kiwo, da barin itatuwa masu amfani a cikin gona. Wannan sakamako ya saɓa wa ra'ayin da ya yaɗu a lokacin, cewa manomi da makiyayi su ne tushen kwararowar hamada. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1984 ya ƙara jawo hankalin masana zuwa yankin Sahel. A 1973 ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS, shekara guda bayan haka kuma aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai, wadda har yau take horar da ma'aikata kan yanayi, ruwa da noma.

Abin da ya sauya matsayin fannin a Najeriya shi ne badaƙalar Koko. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwa daga Italiya suka jibge dubban gangunan shara mai guba, wadda aka ƙiyasta ta kai tan 3,800, a wani fili da ke garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Rahotanni sun ce ana biyan mai filin kimanin dala 100 a wata. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka rubuto wa jaridun gida, asirin ya tonu. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tilasta aka kwashe sharar aka fitar da ita daga ƙasar, wasu daga cikin ma'aikatan da suka yi lodin kuma suka kamu da rashin lafiya. Kafin ƙarshen 1988 aka fitar da doka mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, da doka mai lamba 58 da ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA.

Dokar da ta fi kowace buɗe ƙofar aiki ita ce mai lamba 86 ta 1992, wadda ta wajabta a tantance tasirin duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, madatsar ruwa ce, babbar hanya, masana'anta ko ma'adinai. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, FEPA ta narke a cikinta. Hukumar sa ido kan malalar mai, NOSDRA, ta zo a 2006, sai NESREA mai tilasta bin ƙa'idojin muhalli a 2007, sannan dokar sauyin yanayi a 2021.

A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake daka dutsen zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ba su iya ci gaba da maganin yaro matuƙar zai koma gidan da ƙurar dalma take, don haka sai da aka bi gida-gida ana auna ƙasa, ana kankare ta sama, ana zuba sabuwa. Wannan aiki ne na masana muhalli tsantsa, kuma ya nuna irin giɓin da ake da shi na masu iya shi a yankin.

Tarukan ilimi

A cikin jami'a, taron da ya fi shafar ɗalibi shi ne na ƙara wa juna sani da sashe ke shiryawa, inda ɗaliban digiri na biyu da na digirin digirgir ke gabatar da shawarar bincikensu, malamai su yi musu tambayoyi su kuma gyara. Akwai laccar da sabon farfesa ke gabatarwa, da makon ƙungiyar ɗalibai, wanda yawanci ake haɗawa da dashen itatuwa da shara.

Ranakun duniya su ma kan zama dalilin taro: 2 ga Fabrairu ranar dausayi, 22 ga Maris ranar ruwa, 5 ga Yuni ranar muhalli, wadda aka fara a 1973 ko 1974 gwargwadon majiyar da aka bi, sai 17 ga Yuni ranar yaƙi da kwararowar hamada da fari. Ta ƙarshen tana faɗowa ne a farkon damina a arewa, lokacin da dashe ya fi kamawa.

Ƙungiyar Muhalli ta Najeriya, NES, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980, tana yin taron shekara-shekara, haka ma ƙungiyar masana labarin ƙasa. Gidauniyar kare halittu ta Najeriya, NCF, da ke Legas, da aka kafa a farkon shekarun 1980, tana shirya laccar tunawa da wanda ya assasa ta, Cif S. L. Edu, kuma tana ba da tallafin bincike da sunansa ga ɗaliban digirin digirgir. A Kano, cibiyar nazarin noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama ta Jami'ar Bayero, wadda ta fara aiki wajen 2012, tana shirya taron ƙasa da ƙasa kan irin waɗannan yankuna. Jami'ar Maiduguri ta riga ta da irin wannan cibiya tun wajen ƙarshen shekarun 1980.

Manyan tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da hamada, kamar na Abidjan a 2022 da na Riyadh a 2024, ɗalibai ƙalilan ne ke samun zuwa.

Horo a fili

Ɗalibin fannin kan fita aikin sanin makamar aiki na tsarin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973. Yawanci wata shida ne, ɗalibi yana rubuta abin da ya yi kowace rana a littafi, mai kula da shi ya sa hannu. Sau da yawa a nan ne yake fara riƙe na'urar da a aji sunanta kawai ya ji.

Wasu wurare sun zama filin koyo ga ɗaliban arewa. A Kano akwai unguwannin masana'antu na Challawa, Sharaɗa da Bompai, inda ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima ke ɗauke da sinadarin kuromiyom. Ɗalibi kan ɗebi ruwa a kwalba daga bakin magudana, ya sake ɗiba a can ƙasa inda masu lambu ke ban-ruwa, ya rubuta wuri da lokaci a jikin kowace kwalba, ya sa su cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Wani lokaci har da ganyen latas ko alayyahu na lambun, don a ga ko gubar ta shiga abin da ake kai wa kasuwa. Dausayin Haɗejiya da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2000, wuri ne na ƙirga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da nazarin tasirin madatsun Tiga da Challawa ga ambaliyar da manoma da masunta suka dogara da ita. A Jamhuriyar Nijar, yankunan Maraɗi da Damagaram sun yi suna da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa irin su gawo ya girma a gona maimakon a sare shi, dabarar da ta yaɗu daga shekarun 1980 har ta kai kimanin hekta miliyan biyar.

Ga mai son zurfafa karatu, cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana ba da digiri na biyu a kan kare halittu. Shirin WASCAL na nazarin sauyin yanayi a Afirka ta Yamma, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa, yana da makarantu a Minna, Akure da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Guraben aiki

A gwamnati akwai ma'aikatun muhalli na tarayya da na jihohi, NESREA, NOSDRA, hukumar hasashen yanayi ta NiMet, hukumar gandun namun daji mai kula da wurare irin su Gashaka-Gumti da Kamuku, da hukumomin raya kogunan ƙasa. Aikin duba-gari, wanda ya samo asali tun zamanin Turawa, yana buƙatar rajista da majalisar lafiyar muhalli da doka ta kafa a 2002. Hukumar shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta Afirka, da dokar 2015 ta kafa, tana aiki a jihohi 11 da ke bakin hamada, daga Kebbi da Sakkwato zuwa Yobe da Borno.

Kamfanonin ba da shawara su ne ke rubuta rahoton tantance tasirin ayyuka. A ƙa'ida ana ɗibar samfurin ƙasa, ruwa da iska a rani da damina, a zauna da mutanen garin da aikin zai shafa, sannan a baje rahoton na tsawon ranakun aiki 21 don jama'a su duba. Sabon ɗalibi kan fara ne da aikin fili, kuma wanda ya iya harshen mutanen wurin yana da fifiko, domin zama da dagatai, mata da makiyaya ba ya yiwuwa da Turanci. Kamfanonin mai, siminti da sadarwa suna ɗaukar jami'an lafiya, kariya da muhalli.

Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da rance suna buƙatar jami'in kare muhalli da na zamantakewa a kowace jiha. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021, ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Shirin SPESSE kuma, na horar da ma'aikata kan ƙa'idojin sayen kayan gwamnati, muhalli da zamantakewa, ya kafa cibiyoyin horo a jami'o'i shida, ciki har da ta Ahmadu Bello da ta Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. A irin waɗannan ayyuka ana yawan neman wanda ya iya haɗa taswira da kwamfuta da karanta hotunan tauraron ɗan'adam.

Sauran hanyoyin sun haɗa da koyarwa, ƙungiyoyi masu zaman kansu, sarrafa robobi da girka wutar sola.

Saɓani

Masu suka na cewa wasu rahotannin tantancewa ana rubuta su ne bayan an riga an fara aiki. Ana kuma jayayya kan yawan itatuwan da ke rayuwa bayan dashe a shirin Koriyar Ganuwa, da kan saurin aikin tsabtace ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas daga malalar mai da hukumar HYPREP ke yi tun bayan rahoton UNEP na 2011. Hukumomin da abin ya shafa suna cewa ana samun ci gaba.