Kalmar Turanci feeble: ma'anarta, asalinta da inda ake saka ta

Mece ce ma'anar feeble?
Mai rauni, wanda ƙarfinsa ya ƙare. Sifa ce. Sunan da ke fitowa daga cikinta shi ne feebleness, aikatau kuma enfeeble, wato raunana.

Yaya ake rubuta ta?
Da e biyu a jere. Feable ba kalma ba ce, ku daina rubuta ta a takardar jarrabawa.

Zan iya kiran ɗalibi mai jinkirin fahimta feeble-minded?
Kada ka kuskura. A Ingila, dokar 1913 ta sa wannan suna cikin rukunan mutanen da ake tsarewa a gidajen kula da masu larurar ƙwaƙwalwa. Yau zagi ne mai muni.

Daga ina ta samo asali?
Daga Latin. Flere na nufin yin kuka, flebilis kuma abin da ya isa a yi wa kuka. A tsohon Faransanci harafin l na farko ya faɗi, ta koma feble, ma'anar ta tashi daga abin tausayi zuwa mai rauni. Ta shiga Turanci a ƙarni na 12, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. 'Yan Nijar sun san 'yar'uwarta ta Faransanci, faible.

To yaushe zan ce feeble, yaushe weak, yaushe frail?
Nan ne ake tuntuɓe, kuma babu ƙa'ida ɗaya da ta rufe komai. Weak ta fi faɗi: shayin da ruwa ya yi wa yawa, batirin da ya kusa mutuwa, mutumin da zazzaɓi ya kayar jiya, duk weak ne. Frail galibi ta tsoho ce ko wanda ya daɗe yana jinya, jiki ya yi sanyi kamar zai karye. Tushenta ma kalmar Latin fragilis ce, abin da ke saurin karyewa. Feeble kuwa sau da yawa tana ɗauke da tausayi ko raini. Murya mai rawa, hasken fitila da ke dusashewa, uzurin da ba ya tsayawa, duk ana ce musu feeble. Shi ya sa idan kana bayyana wa likita halin mahaifinka, weak ko frail ta fi dacewa, don feeble na iya zama kamar ƙasƙanci, ko da yake a wasu littattafan za ka tarar an yi amfani da ita ba tare da wannan nufin ba. Idan ka rasa ta cewa, ɗauki weak. Da wuya ta ba ka kunya.

Akwai "more feeble"?
Akwai, haka ma feebler. Duka daidai ne, kwantar da hankalinka.