Muhawarar Kirista a kan tarihin Adamu da Hauwa'u

Muhawarar tarihin Adamu tambaya ce da masanan tauhidin Kirista suka daɗe suna ja a kanta: shin Adamu da Hauwa'u na littafin Farawa mutane biyu ne da suka taɓa rayuwa a duniya, ko labarinsu misali ne na dukan 'yan Adam? A Ibraniyanci "adam" na nufin mutum, kuma kalmar 'yar'uwar "adamah" ce, wato ƙasa. Shi ya sa wasu ke karanta ta a matsayin suna, wasu a matsayin jinsi.

Maganar ta girmi kimiyyar zamani. A ƙarni na 3 Orijin na Iskandariya, malamin tauhidin Kirista, ya ce ba daidai ba ne a ɗauka Allah ya dasa gona da hannu kamar manomi. Agustin, bishop na Hippo (354–430), ya riƙe cewa Adamu mutum ne na ainihi, a kansa kuma ya gina koyarwar zunubin gado. Bayan littafin Darwin na 1859 a kan juyin halitta gardamar ta yi zafi, ta ƙara zafi da masu nazarin ƙwayoyin gado suka ce bambancin da ke jikin mutanen yau ya fi dacewa da kakanni dubbai, ba biyu ba.

Cocin Katolika, ta bakin Paparoma Pius na 12 a 1950, ta bar ƙofa a buɗe ga binciken asalin jiki, amma ta ƙi ra'ayin iyaye na farko masu yawa. Cikin malaman Furotesta a Amurka, Peter Enns ya ce bangaskiya ba ta rataya a kan Adamun tarihi ba. William Lane Craig a 2021 ya ce Adamu ya rayu, sai dai fiye da shekara 500,000 da suka wuce.

A gaskiya nauyin maganar yana wurin Manzo Bulus. A Romawa 5 ya ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, ta wurin mutum ɗaya kuma alheri ya zo. A 1 Korintiyawa 15 ya kira Almasihu Adamu na ƙarshe. Luka ma ya bi asalin Yesu har kan Adamu. Masu riƙe da tarihi suna tambaya: in Adamu na farkon misali ne, yaya za a tsaya a kan na biyun, wato Almasihu? Tambaya ce mai nauyi. Ɗaya ɓangaren kan amsa cewa Bulus ya yi magana da fahimtar zamaninsa, kuma tashin Yesu yana da nasa shaidu.

A Jos, inda hedikwatar cocin ECWA da ta cocin COCIN suke, ga makarantun tauhidi irin su JETS da TCNN ta Bukuru, yawancin masu bi suna karanta Farawa a matsayin tarihi. Harshen ma yana tura su can, don Bahaushe kan kira mutum "ɗan Adam" ko "bil'adama", maƙwabci Musulmi kuma yana da Annabi Adamu. Amma a ajin Lahadi yaro kan ɗaga hannu ya ce, "Malam, to Kayinu ɗan Adamu a ina ya sami mata?" Amsar da aka saba bayarwa tana Farawa 5:4, inda aka ce Adamu ya haifi waɗansu 'ya'ya maza da mata. Masu ganin akwai wasu mutane a wajen gonar Aidan kuwa, da sura ta 4 ta Farawa suke kafa hujja, inda Kayinu ya ji tsoron duk wanda ya same shi zai kashe shi.