Waiwaye: Wa yaron Jos yake kai wa kukansa?

A gidan Bahaushe na da, rarrashin yaro ba aikin uwa da uba ba ne. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a idon jama'a, wata ma ko kuka yake tsalawa sai ta kau da kai har wata ta zo ta ɗauke shi. Uba kuwa gyaran muryarsa daga zaure ya isa ya sa tsakar gida ta yi tsit. Ba ƙiyayya ce ta kawo haka ba, raba aikin aka yi. Iyaye suna riƙe da kwarjini da umarni, taushi kuma yana wajen kaka, da goggo, da kawu, da abokiyar zaman uwa idan an yi dace. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, gidan kaka ake kai yaro. Ita ce abokiyar wasansa, ya tsokane ta ta tsokane shi, ya ɓuya a bayanta ranar da ya yi laifi. Abin da ba zai iya furtawa a gaban mahaifinsa ba, a ɗakinta yake amayar da shi, ita kuma ta san ta inda za ta bi ta isar da maganar. Da dare ga tatsuniya, inda ake koya wa yaro tsoron abin tsoro da wayon kauce masa ta bakin Gizo da Ƙoƙi.

Masana halayyar yara sun daɗe da lura da darajar irin wannan shaƙuwa. A 1951 wani likita ɗan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan yaran da suka rasa gida da iyaye, inda ya nuna cewa yaro yana bukatar babba da zai jingina da shi kamar yadda yake bukatar abinci. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ba a Turai ta fara gwada wannan tunani a gidajen mutane ba, a Yuganda ta yi, a tsakiyar shekarun 1950, tana kallon yadda iyaye mata suke da jariransu a ƙauyukan kusa da Kampala. Abin da ta gani shi ne, yaron da ya tabbata akwai wanda zai amsa kukansa, shi ne ya fi ƙarfin zuciyar sakin zanen uwa ya tafi wasa. Don haka duk wanda ya ce jan yaro a jiki baƙon abu ne da aka kawo mana daga waje, bai san tarihin maganar ba.

Tsohon tsarin yana da nasa rami, kuma bai kamata a lulluɓe shi ba. Ba kowane ɗan riƙo ne ya faɗa hannu nagari ba. Marayu da agololi da yawa sun tashi cikin wahala. Kuma idan wanda ya cuci yarinya ɗan gida ne, sau da yawa rufin asirin dangi ake fifitawa a kan hakkinta. Amma a galibin gidaje yaro yana da ƙofa fiye da ɗaya da zai ƙwanƙwasa.

A Jos wannan tsari ya samu gindin zama tun farkon ƙarni na 20, lokacin da haƙar kuza da fatauci suka jawo jama'a daga ko'ina. Garin ya ma ƙara wani abu a kai: maƙwabci, ko da wane yare yake yi, ko wane addini yake bi, yana iya tsawata wa ɗan maƙwabcinsa, ya kuma raka shi gida in dare ya yi masa. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001 shi ne ya fara tsinka wannan. Sai na Nuwamba 2008, sai na Janairu da Maris 2010, sai bama-baman kasuwar Taminus na 20 ga Mayu, 2014 da suka kashe mutum sama da 100. Bayan kowane tashin hankali mutane suna sayar da gida ko su yi musaya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Unguwanni irin su Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suka cika maƙil. Wasu suka yi Bauchi da Kano, wasu suka gangara Mararaba da Nyanya da Suleja neman abinci a gefen Abuja. Babban gida ya watse ya koma ɗaki da falo na haya. Kaka ta rasu, ko tana wani gari, ko tana can wata unguwa da ba a kai yaro sai da sallah.

A nan ne, a ganina, matsalar take. Mun rasa masu rarrashi, amma mun riƙe kunya da tsawa da bulala yadda muka gaje su. Uba yana nan da fuskarsa a ɗaure kamar yadda ya ga mahaifinsa, sai dai babu ɗakin da yaron zai gudu ya shiga idan an gama faɗan. Kuma akwai abin da ba a cika faɗa ba: yaran da suke shekara bakwai ko goma a 2001, waɗanda suka kwana a barikin soja ko harabar makaranta, suka ji ƙarar bindiga, suka ga gawa a hanya, su ne iyayen yau. Mafi yawansu babu wanda ya zaunar da su ya tambaye su abin da suka gani. "Ka yi haƙuri, namiji ba ya kuka," shi ke nan. Wanda ya haɗiye firgici irin wannan yana yaro, ba abin mamaki ba ne ya tashi da saurin fushi, ko ya kasa jure kukan ɗansa. Ban faɗi haka don zargi ba, tausayi suka cancanta.

Ta fuskar doka an yi tafiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991. A 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta fara aiki kai tsaye a Abuja, jihar Filato kuma ta yi tata a 2005, tana cikin jihohin da suka yi saurin karɓa. A 2015 aka ƙara da dokar hana cin zarafin mutane, aka ɗora wa hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, kula da ita a babban birnin tarayya.

Sai dai binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya nuna iyakar abin da takarda za ta iya. Yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'i na cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Yawancin masu aikatawa sanannu ne ga yaran. Waɗanda suka samu taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. Kotu da ɗan sanda ba sa motsawa sai an kai ƙara, ƙara kuma ba ta zuwa sai yaro ya buɗe baki. Yarinyar da ta saba shan mari idan ta fasa kofi, yaya za ta tunkari uwarta da maganar abin da ɗan haya ko mai shago ya yi mata? Mugu ya san haka sarai, shi ya sa kalmarsa ta farko ita ce, "In kika faɗa, ke za a daka."

Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a watan Agustan 2001, wata guda kafin rikicin Jos na Satumban shekarar. Yau baƙo yana iya isa ga yaro a kan katifarsa ta WhatsApp ko TikTok ba tare da ya yi sallama a zaure ba. Ga shaye-shaye, wanda ya kai gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Ga 'yan sara-suka, gungun matasa 'yan daba, waɗanda duk mazaunin Jos ya san yadda suke ɗibar yara ƙanana. Abin da ƙungiya irin wannan take ba yaro shi ne kunnen saurare da jin cewa shi ma wani ne.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar da dabaru bakwai na kare yara daga cin zarafi, ɗaya daga ciki ita ce tallafa wa iyaye su gyara mu'amalarsu da 'ya'yansu. Abin da ake koyarwa ba shi da wuya a faɗa: keɓe wa kowane yaro ɗan lokaci shi kaɗai, yaba masa in ya yi daidai, saurarensa kafin yanke hukunci, da horon da babu duka babu zagi, kamar hana shi wasa ko sa shi ya gyara abin da ya ɓata.

Dattawa sukan ce wannan hanyar sangarta yaro ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne yaro yana bukatar iyaka, kuma gidan da babu "a'a" shi ma cutar da yaro yake yi. Amma tsayawa kan doka daban, tsoratarwa daban. Addini ma bai goyi bayan ɗaure fuska ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis. Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai, ba a jin ƙansa. Ya kuma yi salla ɗauke da jikarsa Umama.

Nauyin ya fi karkata kan iyaye maza, domin uwa, ko ta so ko ta ƙi, zaman ɗaki ɗaya ya riga ya rage mata kunyar ɗan fari. Uba ne har yanzu yake fita da asuba, ya wuce majalisa bayan isha'i, ya dawo yara sun yi barci. Idan yaro ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙi zuwa wani gida da ya saba zuwa, ko mai surutu ya yi shiru, ko ya riƙa razana cikin barci, ba bulala ce amsar ba. "Zo nan, Abba, zauna kusa da ni. Me ke damun ka? Ba zan dake ka ba." Sannan a cika alkawarin. In ya faɗi abu mai nauyi, a gaskata shi, a ce masa ba laifinsa ba ne, a raba shi da wanda ake zargi, a kai shi asibiti da wuri, sannan a sanar da 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a, ko da wanda ake zargin ɗan'uwa ne na jini.